Yadda ake tono takardun fanshon 'yan mazan jiya a kotunan gundumomin Amurka

Ranar 8 ga Nuwamba 1800 gobara ta tashi a ofishin Ma'aikatar Yaƙi ta Amurka da ke Washington, ta cinye takardun sojojin da suka yi yaƙin ƙwatar 'yanci daga hannun Birtaniya, na 1775 zuwa 1783. A 1814 kuma sojojin Birtaniya suka shiga birnin suka banka wa gine-ginen gwamnati wuta, wasu takardun suka sake salwanta. Don haka lokacin da Majalisar Dokokin Amurka ta buɗe ƙofar fansho ga tsofaffin sojoji, gwamnati ba ta da cikakkiyar rajistar da za ta nuna wa ya yi yaƙi, wa bai yi ba. Dabarar da aka yi ita ce kowane tsoho ya je kotun da ke kusa da shi, ya rantse, ya ba da labarin aikin sojansa da bakinsa, ya kawo shaidu, akawu ya rubuta, a buga hatimi a aika Washington.

Shi ya sa labarin tsohon soja ɗaya yake da gida biyu. Akwai fayil ɗinsa a Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, akwai kuma sawun da ya bari a littafin zaman kotun gundumarsu. Yawancin masu bincike da zarar sun samu fayil ɗin Washington sai su kaɗe hannu, wai aiki ya ƙare. A ganina rabi suka yi. Littafin gunduma ne ke riƙe da sunan wanda ya rantse amma takardarsa ba ta kai ko'ina ba, da sunayen 'ya'yan da suka gaji ragowar kuɗin bayan tsohon ya rasu, da maƙwabtan da suka tsaya masa shaida.

Wannan bayani zai amfani ɗalibin tarihi mai neman tushe na asali, da wanda ke zaune a Amurka aka roƙe shi ya taya binciken zuriya, da mai aikin bincike ta intanet ana biyansa. Gunduma a nan ita ce abin da suke kira county, yankin da ke ƙasa da jiha, kowace da kotunta da akawunta. Sunayen jihohi, gundumomi da littattafai zan bar su yadda ake rubuta su a can, domin da su za ka yi nema.

Mataki na ɗaya: wane yaƙi, kuma wace gwamnati ce ta biya?

Wanda ya yi yaƙin 'yanci, ko yaƙin 1812 da Birtaniya, ko ya yi wa ɓangaren Arewa faɗa a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, gwamnatin tarayya ce ta biya shi, fayil ɗinsa na Washington. Wanda ya yi wa 'yan awaren Kudu faɗa kuwa, jihar da yake zaune ce ta biya shi, takardunsa na rumbun wannan jiha. Kada ka ɓata datarka kana neman sojan Kudu a fayilolin tarayya.

Mataki na biyu: san dokar da ta buɗe masa ƙofa

Mutane na son tsallake wannan mataki saboda yana kama da karatun lauyoyi, alhali shi ne ke gaya maka shekarar da za ka buɗe a littafin kotu, da irin abin da za ka tarar.

Tun 26 ga Agusta 1776 aka yi alkawarin rabin albashi ga sojan da yaƙi ya nakasa, amma jihohi ne ke biya har zuwa 1789 da tarayya ta karɓi nauyin. Waɗannan su ne takardun da gobarar 1800 ta ci. Idan mutuminka ya ji rauni kuma ya mutu da wuri, mai yiwuwa layi biyu a littafin kotun gunduma, inda alƙalai suka duba rauninsa suka tabbatar, su ne kaɗai abin da ya rage a duniya game da fanshonsa.

Dokar 18 ga Maris 1818 ce ta fara ba da fansho ba tare da sai an ji rauni ba. Sharaɗinta biyu: mutum ya yi aƙalla wata 9 a rundunar tarayya, wadda ake kira Continental, kuma yana cikin talauci. Ƙaramin soja dala 8 a wata, hafsa dala 20. Takardun wannan shekara gajeru ne: suna, shekaru, runduna, sunan kyaftin da kanar, fagagen da aka gwabza, inda aka sallame shi.

Masu nema suka yi yawa fiye da zaton Majalisa, aka fara gunagunin cewa masu hali ma sun shiga layi. Sai aka yi dokar 1 ga Mayu 1820, wadda ta tilasta wa duk mai karɓa ya koma kotu da jerin duk abin da ya mallaka, ban da tufafin sawa da shimfiɗar kwana, ya kuma rantse cewa bai kyautar ko sayar da wani abu ba tun 18 ga Maris 1818 don ya fito a matalauci. Duk wanda ya taɓa raka dattijo wajen tantance 'yan fansho a nan gida zai gane yanayin da tsofaffin nan suka shiga. Ga mai bincike kuwa, waɗannan takardu na 1820 ba su da na biyu. Za ka ga saniya ɗaya, aladu, tukunyar ƙarfe, gatari, kujeru, cokula, kowane da farashinsa, sannan bashin da ake binsa da sunan mai bashin. Bayan haka sai sana'arsa, ciwon da ya hana shi aiki, da sunaye da shekarun iyalin da ke gidansa. An soke sunayen dubban mutane a wannan tantancewa, daga baya dokar 1 ga Maris 1823 ta mayar da waɗanda suka sake tabbatar da talaucinsu. Saboda haka mutum ɗaya na iya bayyana a littafin kotu sau uku cikin shekara biyar.

Babbar ƙofa ita ce dokar 7 ga Yuni 1832. Ta cire sharaɗin talauci, ta kuma shigo da dakarun jihohi na wucin gadi, waɗanda ake kira militia, masu fita wata uku su dawo gona. Wanda ya yi shekara biyu ya samu cikakken albashi, dala 80 a shekara ga ƙaramin soja. Wanda ya yi ƙasa da haka, muddin ya kai wata 6, a ba shi gwargwado. Da yake yawancin waɗannan ba su da takardar sallama, Ma'aikatar Yaƙi ta tsara tambayoyi bakwai da kotu za ta yi wa kowa: ina aka haife ka kuma a wace shekara, kana da rubutacciyar shaidar shekarunka, tana ina, ina kake zaune da aka kira ka, ina ka zauna bayan yaƙi, ina kake yanzu, tilasta ka aka yi, ko sa-kai ka yi, ko a madadin wani ka je, waɗanne hafsoshi da rundunoni ka sani, an ba ka takardar sallama, wa ya ba ka, ina take, su wa suka san ka a unguwarku da za su shaidi gaskiyarka. Ana kuma son mutum biyu su rantse masa, ɗayansu limamin coci idan akwai shi kusa. Amsar tambaya ta uku kaɗai na iya ba ka taswirar ƙaurar iyali daga Pennsylvania zuwa Virginia zuwa Kentucky.

Matan da mazansu suka rasu an buɗe musu ƙofa kaɗan-kaɗan. Dokar 4 ga Yuli 1836 ta ɗauki wadda aka aura kafin mijin ya gama aikin soja. Ta 7 ga Yuli 1838 ta ɗauki wadda aka aura kafin 1 ga Janairu 1794. Ta 1848 ta matsar da iyakar zuwa farkon 1800, ta 3 ga Fabrairu 1853 kuma ta cire maganar ranar aure gaba ɗaya. Sojojin 1812 sun jira har 1871, inda aka nemi kwana 60 na aiki, sannan 1878 da aka rage zuwa kwana 14.

Rubuta waɗannan shekaru a takarda ka ajiye kusa: 1818, 1820 zuwa 1821, 1823, 1832 zuwa 1834, 1836, 1838, 1848, 1853.

Mataki na uku: ina yake zaune ranar da ya rantse?

A nan gizo ke saƙa. Ba inda aka haife shi ko inda ya shiga soja za ka nema ba, sai inda tsufa ya same shi. Wanda ya ɗauki bindiga a North Carolina yana ɗan shekara 18 a 1780, a 1832 yana da shekara 70, kuma ba mamaki yana Tennessee, Indiana ko Missouri.

Jeri uku ne za su nuna maka gundumar. Na farko rahoton da Sakataren Yaƙi ya miƙa wa Majalisa a 1835, mai jera masu karɓar fansho jiha-jiha, gunduma-gunduma, da muƙami, kuɗin shekara da shekarun haihuwa. Na biyu ƙidayar jama'a ta 1840, wadda ta rubuta sunan kowane ɗan fansho da shekarunsa da sunan maigidan da yake zaune wurinsa. Wannan suna na ƙarshe sau da yawa ɗansa ne ko surukinsa, ka riƙe shi. Na uku jerin 1883, na masu karɓa a ranar 1 ga Janairun shekarar, wanda ya fi amfani ga sojojin yaƙin basasa da matan sojojin 1812.

Bayan ka samu sunan gunduma, duba ko ta wanzu a shekarar da kake nema. An yi ta yanka sababbin gundumomi daga tsofaffi. Gundumar Floyd a Virginia an cire ta daga Montgomery a 1831, don haka tsohon da bai taɓa barin gonarsa ba zai iya rantsuwar 1820 a littafin Montgomery, ta 1832 a littafin Floyd. Tsohon littafi ba ya bin sabuwar gunduma, yana nan a uwar. Haka jihohi: Kentucky ta fita daga Virginia a 1792, Maine daga Massachusetts a 1820, West Virginia a 1863. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswirar iyakokin gundumomi a intanet kyauta. Ka sa shekara, ta nuna maka yadda iyaka take a lokacin.

Sunan mutumin ma ka rubuta shi ta kowace fuska da kunne zai iya ji. Akawu abin da ya ji yake rubutawa, kuma Bajamushe mai suna Schmidt ba wuya ya koma Smith.

Mataki na huɗu: ɗauko fayil ɗin Washington tukuna

Ko da littafin kotu kake nufi, fara da nan, domin shi zai ba ka ranar zaman. Fayilolin yaƙin 'yanci kusan 80,000 ne, an ɗauke su a fim ɗin takardu mai lamba M804, naɗi 2,670. Akwai wani mai lamba M805 wanda aka tsinci 'yan shafuka daga kowane fayil. Idan ka ga shi aka ba ka, nemi cikakken. Hotunan suna katalog ɗin Hukumar Adana Takardun Tarihi kyauta, suna kuma Fold3, shafin intanet na takardun soja, inda ake biyan kuɗin rajista, ko da yake fayilolin 1812 da ke can kyauta ne. Idan mutuminka ya yi faɗa a jihohin Kudu ko ya zauna can, leƙa revwarapps.org, inda Will Graves da C. Leon Harris suka buga dubban takardun da rubutun kwamfuta, kyauta. Yana rage wahalar ido ƙwarai, amma ka koma ga hoton asali kafin ka kafa hujja.

Harafin da ke gaban lambar fayil na da ma'ana. S na nufin sojan da kansa ya karɓa, W matarsa ce ta karɓa bayan rasuwarsa, R an ƙi amincewa, BLWt kuma takardar kyautar fili ce. Fayil mai W ya fi kowane kauri da amfani, domin a ciki aka haɗa na mijin da na matar.

Abin da za ka kwafe daga shafin rantsuwa: sunan kotun, ranar zama, sunayen alƙalai, sunan akawu, da na shaidu. A cikin fayiloli da yawa za ka ci karo da wasiƙu masu rubutun tafireta na shekarun 1920 da 1930, waɗanda ofishin ya aika wa jikoki masu tambaya. Suna da daɗin karatu saboda sun taƙaita komai, amma ma'aikaci ne ya karanta ya taƙaita, yana iya kuskuren suna ko shekara.

Mataki na biyar: buɗe littafin kotun

Sunan kotun ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Virginia da Kentucky County Court ce. A North Carolina Court of Pleas and Quarter Sessions, wadda aka rushe a 1868. A Georgia sau da yawa Inferior Court, a Ohio, Pennsylvania da New York kuma Court of Common Pleas. Littafin da akawu ke rubuta abin da kotu ta zartar kowace rana ana kiransa Order Book ko Minute Book, a Ohio kuma Journal.

Buɗe asusu kyauta a FamilySearch, shafin intanet na binciken zuriya, shiga katalog, ka yi nema da sunan wuri, ba sunan mutum ba: ƙasa, jiha, gunduma. Duba ƙarƙashin takardun kotu, sannan ƙarƙashin takardun soja, domin wasu akawuna sun ware littafi na musamman don rantsuwar 'yan fansho. Zaɓi kundin da ya rufe shekararka. Alamar kyamara na nufin za ka iya gani daga gida. Kyamara mai mabuɗi a kai na nufin sai a cibiyar FamilySearch ko ɗakin karatun da ke da alaƙa da su, kuma akwai irin cibiyoyin a Najeriya da Gana. Da kwamfuta aikin ya fi sauƙi, shafukan manya ne, waya na gajiyar da ido.

Kada ka dogara da fihirisar da ke farkon littafin. Akawuna da yawa masu ƙara da waɗanda ake ƙara kaɗai suka jera, tsohon da ya zo rantsuwa bai samu shiga ba, ko an cusa shi ƙarƙashin harafin P, na kalmar pension, tare da sauran 'yan fansho. Bi ta kwanan wata. Yi tsalle zuwa tsakiyar kundin, duba kanun zama, ka matsa gaba ko baya har ka isa watan. Kotu kan zauna kwana biyu ko uku a jere, ka karanta zaman duka.

Abu ɗaya cikin uku za ka tarar. Wani akawun layi biyu ya yi: wane ya zo ya yi rantsuwa bisa dokar kaza, kotu ta gamsu, a aika. Wani ya kwafe rantsuwar gaba ɗaya, kalma da kalma. Wani kuma ya ajiye kwafin a ƙunshin takardun da ba a ɗinke ba, waɗanda galibi suna rumbun jiha ko ɗakin ajiyar kotun. Ko layi biyun ne kada ka raina, dubi sama da ƙasa. A bazarar 1832 tsofaffi a ƙungiya suke zuwa, wannan ya shaidi wancan, wancan ya shaidi wannan. Rubuta sunayensu duka, ka buɗe fayil ɗin kowane. Ba abin mamaki ba ne abokin da ya fi ƙwaƙwalwa ya faɗi sunan kyaftin da watan tafiya waɗanda mutuminka ya manta.

Sannan ci gaba da juya shafi har shekara biyu gaba. Ofishin fansho, wanda James L. Edwards ya shugabanta daga 1833, yakan mayar da takarda idan ba a fayyace tsawon kowace fita ba, sai tsohon ya dawo kotu ya yi gyara. Wanda rashin lafiya ta hana zuwa, alƙali ke binsa gida, kotu ta tabbatar daga baya.

Daga 2024 FamilySearch ta fito da hanyar neman kalma a cikin rubutun hannu, na'ura ce ke karantawa. Gwada sunan tare da kalmar pension da sunan gunduma. Idan ta samo, madalla. Idan ba ta samo ba, wannan bai nuna babu ba, domin tawadar da ta dushe na rikita ta.

Mataki na shida: nemi shafin mutuwarsa

Wannan shafi ne mutane suka fi mantawa da shi. Ana biyan fanshon 1832 sau biyu a shekara, 4 ga Maris da 4 ga Satumba. Idan tsoho ya rasu a tsakani, kuɗin kwanakin da ya rayu haƙƙin matarsa ne, in babu ita na 'ya'yansa. Kafin a biya sai kotun gunduma ta tabbatar da ranar rasuwa da sunayen magada. Sai ka ga sakin layi guda ɗauke da ranar mutuwa, ko ya bar mata ko bai bari ba, da sunayen 'ya'yan da ke raye, 'yan matan da sunayen mazajensu. A zamanin da yawancin jihohi ba su fara rajistar mutuwa ba, babu inda za ka samu wannan a haɗe, kuma sau da yawa ba ya cikin fayil ɗin fansho, domin ofishin biya aka kai shi. Littafin biyan kuɗi mai lamba T718, na 1818 zuwa 1872, zai nuna maka lokacin da biya ya tsaya, daga nan ka san watan da za ka buɗe.

Rantsuwar mata ma a nan za ka same ta. Ana neman ta tabbatar da aure, kuma da yawa sun yage shafin da aka rubuta haihuwa da aure daga Baibul ɗin gidansu sun aika, shafukan na cikin fayil har yau. Wasu sun faɗi abin da ya wuce aure. Sarah Osborn Benjamin, da ta rantse a gundumar Wayne ta Pennsylvania a 1837, ta ba da labarin yadda ta bi rundunar mijinta har fagen yaƙin Yorktown tana wanki da girki, tana kai wa sojoji nama, burodi da kofi a ramukan yaƙi.

Mataki na bakwai: karanta, sannan ka auna

Rubutun zamanin na da tarko. Doguwar s tana kama da f. Jno John ne, ba Jonathan ba. Jas James, Wm William, Thos Thomas. Idan ka ga X tsakanin suna da sunan mahaifi, mutumin alama ya yi, bai sa hannu ba, amma ka duba takardunsa na baya kafin ka ce bai iya rubutu ba, domin makanta da rawar hannu na zuwa da tsufa. Farkon rantsuwa da ƙarshenta tsari ne da aka raba wa kowa, kamar inda yake cewa ya yafe duk wani fansho ban da wannan. Muryar mutumin tana tsakiya, ita ma ta bi ta alƙalamin akawu ko wakili.

Kwafe rantsuwar kamar yadda take, da kurakuranta. Sannan yi jeri: fita ta farko, shekara, wata nawa, kyaftin, inda aka je, fita ta biyu, haka. Tsofaffin sun fi tuna abin da ya faru a kan shekara, sai ka yi amfani da ranakun da aka sani ka gyara musu lissafi: karyewar Janar Gates na Amurka a Camden 16 ga Agusta 1780, gwabzawar Kings Mountain 7 ga Oktoba 1780, Cowpens 17 ga Janairu 1781, Guilford 15 ga Maris 1781, miƙa wuyan Cornwallis, janar ɗin Birtaniya, a Yorktown 19 ga Oktoba 1781. Wanda ya ce an kira shi a 1779, "jim kaɗan bayan karyewar Gates", shekarar ce ta kuɓuce masa, ba ƙarya ya yi ba.

Ƙaryar ma akwai ta. A 1834 lauyan gwamnati Washington G. Singleton ya bi gida-gida a gundumomin Lewis da Harrison, waɗanda yanzu ke West Virginia, ya gano wakilai na ƙirƙira wa tsofaffi aikin soja suna raba kuɗin. An soke mutane da yawa, kuma masu bincike na baya sun nuna cewa har da masu gaskiya wukar ta shafa. Idan fayil ɗinka daga wannan yanki yake, karanta rahoton Singleton da rantsuwar asali kafaɗa da kafaɗa.

Harafin R kuwa ba tambarin maƙaryaci ba ne. Yawanci watannin da aka tabbatar ba su kai 6 ba, ko an ce aikin tuƙin keken kaya ba aikin soja ba ne, ko tsohon ya rasu kafin ya amsa tambayar ofis. Jehu Grant, baƙar fata da ya gudu daga ubangidansa a Rhode Island ya yi wa runduna aiki, an hana shi fansho bisa hujjar cewa a lokacin bawa ne da ya tsere. Wasiƙar da ya mayar musu tana cikin fayil ɗin, ta cancanci karatu.

Duk shafin da ka samu, rubuta sunan gunduma, sunan littafi, lambar kundi, shafi, ranar zama, lambar fim da lambar hoto, tun kafin ka rufe shi.

Idan yaƙin basasa ne

Ga sojan Arewa, littafin kotu ba ya ba da yawa. Ana rantsuwa gaban akawu amma ba a cika kwafewa ba. Fara da katin fihirisa mai lamba T288. Idan katin na da lambar nema amma babu lambar satifiket, ba a amince ba. Yawancin fayilolin ba sa intanet, sai ka yi oda da fom NATF 85 ka biya, ko ka sa wani a Washington ya ɗauko maka hoto. Dokar 14 ga Yuli 1862 ta masu rauni ce, ta 27 ga Yuni 1890 ta ɗauki duk wanda ya yi kwana 90 kuma ba ya iya aikin ƙarfi. Nemi takardun tambayoyin iyali na 1898 da 1915 a ciki. Inda gunduma ke shigowa shi ne fanshon marayu: sai kotu ta naɗa waliyyi, don haka duba littafin waliyyai da na gado.

Baƙaƙen fata kusan 179,000 ne suka shiga sojan ƙasa na Arewa. Cikinsu har da haifaffen Kukawa ta Borno, Muhammad Ali bin Sa'id, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863, kuma a rajista Nicholas Said ne. Canjin suna ruwan dare ne a nan: da yawa sun shiga da sunan ubangida, bayan 'yanci suka ɗauki na mahaifi, katin kan nuna duka biyun. Da yake doka ba ta san auren bayi ba, daga 1864 aka yarda matar ta kawo shaidun zaman aure maimakon takarda, shi ya sa fayilolinsu ke cike da bayanin tsofaffin bayi kan wa ya mallaki wa, wa aka sayar ina.

Ga sojan Kudu, gunduma ce ƙofa. Virginia ta yi dokokinta a 1888, 1900 da 1902, Tennessee a 1891, Texas a 1899, Kentucky a 1912. A Virginia, Texas da Kentucky takarda na bi ta hannun alƙali ko kotun gunduma kafin ta kai babban birnin jiha. Nemi ta a rumbun jihar da ya tsufa a ciki, ko da wata jiha ya yi wa faɗa.

Idan littafin ya ƙone, ko ba ya intanet

Wasu gundumomin Virginia sun kai littattafansu Richmond don tsaro lokacin yaƙin basasa, gobarar 3 ga Afrilu 1865 ta cinye su a can. Hanover, New Kent da Gloucester na cikin waɗanda suka yi asara mai yawa. A irin wannan hali fayil ɗin Washington ne ya zama madadin littafin, domin kwafin da akawu ya buga wa hatimi yana ciki, wani lokaci har da kwafin rajistar auren da asalinta ya ƙone. Duba gundumomin maƙwabta ma, tsoho kan je kotun da ta fi kusa da gonarsa.

Idan littafin na nan amma ba a ɗauke shi hoto ba, fara da rumbun jiha: Library of Virginia a Richmond, rumbun North Carolina a Raleigh, na Kentucky a Frankfort. In sun ce yana gunduma, rubuta wa akawun. A Virginia akawun Circuit Court za ka nufa, domin an rufe kotunan gunduma a 1904, littattafan suka koma hannunsa. Imel ɗin ya zama gajere: sunan sojan, sunan littafi, ranar zama, shafi idan ka sani, da tambayar kuɗin kwafi da yadda ake biya daga waje. Akawu ba zai yi maka bincike ba, amma idan ka ba shi rana takamaimai yakan ɗauko. In shiru ya yi yawa, ƙungiyar tarihi ko ɗakin karatun garin na da 'yan sa-kai da ke zuwa kotun su ɗauki hoton shafin. Ka roƙe su su haɗa da shafin da ke gabansa, da na bayansa, da bangon littafin.